Kafin ka sayi tsohuwar jif mai shan gas

Duk wanda ke bin hanyoyin ƙauyukan Alkaleri da damina, ko yake hawa Tula daga Kaltungo da kaya, ya san dalilin da ya sa tsofaffin Land Cruiser da Hilux da Patrol suka ƙi yin arha. Ana cewa ba sa mutuwa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ta sa mutane da yawa sun kwashe kuɗin shanu sun sayo wahala. Ƙarfen injin yana jure shekaru, sai dai zafi da gurɓataccen mai da bel ɗin da aka manta da shi suna kwantar da shi cikin yini guda.

Da farko a san injin da ake magana a kai, domin sunan mota ba ya isa. Injin 1HZ na Land Cruiser, mai lita 4.2 da silinda 6, ya fito a 1990. Ba shi da tobo, ba shi da kwamfuta, ƙarfinsa wajen doki 130 ne kawai, shi ya sa yake da nawa a kan kwalta amma ba ya gajiya. TD42 na Nissan Patrol sa'ansa ne, har ya fi shi da abu ɗaya: haƙoran ƙarfe ne ke juya taimin ɗinsa, babu bel ɗin da zai tsinke. A Hilux akwai 2L da 3L da 5L, wato lita 2.4 da 2.8 da 3.0, kayansu kuwa ba sa wuyar samu a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna. Waɗanda suke son lallashi su ne 1KZ na Prado da 4M40 na Pajero, saboda kan silindarsu ba ya yafe zafi. ZD30 na Patrol kuwa, a ganina, mai ƙaramin aljihu ya bar shi inda ya gan shi.

Zafi shi ne babban makashi a ƙasarmu, musamman daga Maris zuwa Mayu. Injin gas yana matse iska sosai kafin mai ya kama, don haka kan silinda yana shan wuta. Allurar zafi ta haura sau ɗaya ka ce bari in ƙarasa Darazo, to gasket ya ƙone, ko kan ya tsage tsakanin bawul da bawul. Alamarsa ita ce ruwa yana raguwa ba a ganin inda yake zuba, kumfa tana tasowa a bakin lagireto, babban tiyo ya yi tauri tun injin bai ɗumama ba.

A nan ne al'adar garejinmu take cutar mutane. Mota na zuwa sai a cire tamosta a jefar, wai ta ƙasar sanyi ce. Alhali ita ce ke riƙe injin a zafin da ya dace. A injina da dama kuma ita ce ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma injin, saboda haka in babu ita wani ruwan yana zagayawa bai ko leƙa lagireto ba. Sai kuma ruwan rijiya ko na burtsatse da ake ɗurawa. Gishirin da ke cikinsa yana toshe ƙananan bututun lagireto, tsatsa ta cinye fukafukan famfon ruwa. A zuba ruwan sanyaya inji na gaske, a sauya shi duk shekara 2. A duba murfin lagireto, domin in robarsa ta mutu ruwa zai tafasa da wuri. Fankar injin ma tana da wani kuloci mai mai a ciki: idan injin ya yi zafi, ka kashe shi, ka ga fankar tana wulwulawa da hannu ba wata turjiya, ta gama aiki.

Na biyu shi ne man gas. Famfon injekta na yawancin waɗannan injina da man da ke ratsa shi yake samun santsi. Gas ɗin bumburutu da aka sirka da kananzir ba shi da wannan santsin, ruwa kuma tsatsa yake kawowa. Ba a ganin ɓarnar nan take, sai bayan watanni mota ta fara wuyar tashi idan ta yi zafi, tana baƙin hayaƙi, tana kasa hawa tudu. A ƙasan filtar mai akwai wani ɗan mazubi da ke tara ruwa. A kwance shi, a danna ɗan famfon hannu da ke sama har sai tsantsar mai ya fito, a ɗaure. Aikin minti 5 ne, a riƙa yi duk wata. Filtar kanta a sauya ta duk kilomita 10,000 idan ana shan mai a ƙauye. Kada kuma a bari tanki ya ƙafe, don iska za ta shiga layi, sai an yi ta famfo an sassauta bututun nozul kafin ta tashi.

Taimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita buɗewar bawul da motsin fistin, ba ya gargaɗi. A 1HZ da injinan Hilux, in ya tsinke fistin zai haɗu da bawul, aikin ya koma sauke kai gaba ɗaya. A sauya shi duk kilomita 100,000 tare da abin da ke ɗame shi. Motar da aka sayo ba takardar gyara, a ɗauka ba a taɓa sauya shi ba, mitar kilomita da ke gaban direba kuwa ba abar rantsuwa ba ce. 4D56 na Pajero bel biyu gare shi, ƙaramin in ya tsinke yakan faɗa cikin babban ya tafi da shi.

Baƙin mai 15W-40 na injin gas, duk kilomita 5,000 tare da filta. 1HZ yana shan wajen lita 10, a sa wannan a lissafi. Da hunturu filtar iska tana cika da ƙura, a kaɗe ta a hankali, in ta huje a jefar, domin ƙurar da ta wuce ita ke cin ringi.

Giyar ogzilari, wadda ke sa tayoyi huɗu su ja tare, ita ma tana da ƙa'ida. A Hilux da Patrol da Land Cruiser 70, ba a sa ta a kan busasshiyar kwalta. Tayoyin gaba da na baya ba sa yin tafiya ɗaya idan ana shan kwana, in ƙasa ba ta ba su damar zamewa ba, ƙarfin zai taru a akwatin giya har wani abu ya karye. Barinta shekara ba a taɓa ba shi ma illa ne, a riƙa sa ta a hanyar burji ko sau ɗaya a wata don mai ya zagaya. Bayan ratsa rafi a buɗe man aksul a duba. In ya koma kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga, a zubar a sa sabon 80W-90.

Ranar ciniki a je da sassafe, a taɓa injin a tabbatar ya kwana a sanyaye. Lafiyayye zai tashi bugu ɗaya bayan fitilar hita ta mutu. Farin hayaƙin da ya ɗauke cikin daƙiƙoƙi ba komai ba ne, shuɗi kuwa baƙin mai yake ƙonawa. A buɗe murfin baƙin mai injin na aiki, in yana furzar da hayaƙi kamar murhu, ringi sun tafi. Sannan a shimfiɗa tabarma a shiga ƙarƙashi da tocila da ɗan guduma, a ƙwanƙwasa casis kusa da maƙalar sifirin na baya. Motocin da suka yi zama a Turai gishirin da ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara yakan ci su ta ciki, dillali kuma ya shafe wurin da baƙin fenti. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, ɓarɓashin tsatsa na zubo maka a fuska.