Garwa zuwa Ngaundere da Golf: lita 23 da taya guda

Kawuna ne ya sa na yi wannan lissafi. Shekara da shekaru yana jan babbar mota tsakanin Ngaundere da Kuseri kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi, kuma tun ranar da na shigo da Golf ɗin nan gida yake cewa rijiya na sayo, duk abin da na samu a cikinta zai ƙare. Da tafiya ta kama shi zuwa Yawunde ganin likita, na ce ni zan kai shi Ngaundere ya hau jirgin ƙasa na dare. Ya yarda, amma da sharaɗi: a cika tanki a gabansa, in mun isa a sake cikawa, kowa ya ga gaskiyarsa.

Motar Golf GTI ce ƙirar 2007, irin ƙananan nan masu yankakken baya da ƙofa biyar, na saye ta ta hannu. Injinta lita 2 ne mai turbo, ƙarfin doki 200, giya shida, tankinta lita 55. A takardar kamfani an ce tana shan wajen lita 8 a kilomita 100. A cikin garin Garwa ban taɓa ganin wannan adadi ba. Tsakanin 'yan babur, tsayawa da tashi, ga zafin da ba ya barin mutum ya kashe na'urar sanyi, lita 12 take sha, wani lokaci har da ɗori. A nan Kawu yake da hujja, kuma ban taɓa musa masa ba.

Bayan sallar asuba muka tsaya gidan mai. Tun Fabrairun 2024 litar fetur ta koma sefa 840, daga 730, don haka ba abin wasa ba ne. Kawu ya fito da kansa ya tsaya kan yaron har famfo ya katse, ya rubuta lambar kilomita a ɗan littafin da yake ajiyewa a aljihun gaba tun zamanin tuƙinsa. Muka haye gadar Binuwai gari bai gama wayewa ba, hazo kwance a kan ruwa, masunta biyu a kwalekwale.

Daga nan zuwa Ngong hanya ta ba ni dama. Na sa giya ta shida, na riƙe ta a 100, inji ya yi shiru kamar mai barci. Allon gaban sitiyari yana nuna abin da take sha a kowane lokaci, sai ga shi yana yawo tsakanin 6 da 7. Kawu ya sa tabarau ya leƙa, bai ce komai ba. Can muka tarar da motocin auduga uku a jere, na sauko giya ta huɗu na taka totur. Kafin ƙiftawa da bisimilla mun wuce su duka, amma allon ya haura 20. Ya nuna shi da yatsa ya ce, "Ka gani ko, ɗana? Ƙafarka ce ke shan man." Wannan ita ce maganar da ta fi kowace daidai a kan irin waɗannan motoci. Turbo iska yake turawa cikin inji da ƙarfi, iska mai yawa kuwa sai da mai mai yawa. In ka lallaɓa ta, ƙaramar mota ce mai tattali. In ka tsokane ta, za ta sha kamar babba. Haka batun gudu: turjiyar iska a 140 ta kusa ninka ta 100, kuma a aljihu ake jin bambancin.

A Ngong masu sayar da zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Najeriya ta bayan fage, sun jera kwalabe a bakin titi, man yana ɗaukar ido cikin rana. Kowa a arewacin nan ya san da shi baburan gari suke rayuwa, ko da yake tun da Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023 arahar tasa ta ragu ƙwarai. Ni dai ba na zuba wa wannan mota. Injinta kai tsaye yake fesa mai cikin silinda da matsi mai ƙarfi, ɗan ruwa ko ƙura da tsohuwar mota za ta haɗiye ta wuce, ita zai iya kwantar da ita. Wannan ma wani nauyi ne da mai sha'awar irinta ya kamata ya sani: tafiyarka sai ta bi inda gidajen mai suke. Sa'ar dai tanki guda ya ishi zuwa da dawowa a wannan hanya ta kilomita 275 ko kusa da haka.

Muka biya sefa 500 a shingen kuɗin hanya, jandarmomi suka duba takardu, muka wuce.

Bayan Guna ne hanya ta nuna mini ainihin halinta. Waɗannan motoci an yi su ne da tunanin manyan titunan Jamus, inda wasu wuraren ma babu iyakar gudu. Tamu kuwa layi ɗaya ne zuwa, ɗaya dawowa, kuma tana ɗauke da kayan da ake saukewa daga jirgin ƙasa a Ngaundere zuwa Chadi. Manyan motoci sun tauna kwaltar, wani wuri ta yi kunya kamar gona, wani wuri rami ne mai kaifin baki. GTI a ƙasa take, ta fi sauran Golf kusa da titi, ƙafafunta kuma a ɗaure suke tamau don ta riƙe kwana. Abin da ke sa ta daɗi a shimfiɗaɗɗiyar kwalta shi ke sa kowane tudu ya shigo maka har ƙugu. Na ga Kawu ya dafe gwiwarsa sau biyu, raina bai so ba, na rage gudu.

Duk da haka ban tsira ba. A gefen dajin Binuwai, inda gwaggon biri ke zama bakin titi suna kallon masu wucewa, wata tirela ta taho ta cinye rabin hannuna. Na kauce mata, tayar gaba ta dama ta faɗa rami. Ƙarar kamar an buga guduma a ƙarfe. Da na tsaya na duba, gefen tayar ya kumbura, ƙululu kamar ƙwan kaza, bakin wilin kuma ya ɗan lotsa. Na durƙusa na shafa wurin da hannu, robar da zafi, ina jin yadda zaren ciki ya saki. Lambar tayar 225/45 R17 ce, wato tsayin robar da ke tsakanin ƙarfe da ƙasa santimita 10 ne kacal. Ta Corolla da ake haya da ita, mai 195/65 R15, ta kusa 13. Wannan 'yar tazara ita ce tsakanin wanda ya wuce da wanda ya tsaya.

Muka lallaɓa zuwa wani ƙauye inda mai faci yake ƙarƙashin bishiya. Ya juya tayar ya ce wannan ba ta facuwa, kuma lamba 17 sai dai Ngaundere. Sifiyar motar siririya ce, an rubuta a jikinta kada a wuce 80. Zan sa a ɗaura ta a gaba, Kawu ya hana. Ya ce motar da ƙafar gaba take ja, da ita take juyawa, ga hawan dutse a gabanmu. A ciro ta baya mai lafiya a kawo gaba, siririyar ta koma baya. Mai facin ya ce, "Baba ya san hanya." Haka aka yi.

A Mbe muka sayi doya, don ba a wuce Mbe hannu rabbana. Kujerun baya na kwantar, but ya haɗiye doyar da jakar Kawu da tayar da ta lalace, har da sauran wuri.

Sai hawan dutsen da ke kai mutum tudun Adamawa. Garwa a kwari take, Ngaundere kuwa ta haura mita 1,000, kuma yawancin hawan a nan yake taruwa, kwana bayan kwana. Manyan motoci na rarrafe da giya ta ɗaya, yaran mota na biye da su riƙe da katakon waigi. A nan na ga amfanin abin da na saya. Ko da siririyar taya a baya, ban wuce 60 ba, motar ba ta yi nishi ko sau ɗaya ba. A giya ta uku take hawa cikin natsuwa, in na sami fili in wuce tirela cikin 'yan daƙiƙu, ba tare da na daɗe a hannun masu tahowa ba. A hanya mai layi ɗaya wannan ƙarfi kariya ce ta rai. Kawu ya yi shiru yana kallon ramin da ke gefe, sannan ya ba ni labarin daren da birki ya tsinke wa wani abokin aikinsa a wannan gangare. Muka yi masa addu'a. Da muka kai sama na kashe na'urar sanyi na sauke gilashi, iskar Adamawa ta shigo da ƙanshin ciyawa.

Muka wuce jami'a a Dang, muka shiga gari kafin la'asar, kai tsaye gidan mai. Lita 23 ta ɗauka, sefa 19,320. Kawu ya yi lissafinsa a littafi, ya ce lita 8 da 'yan kai a kilomita 100, da hawan dutse da komai. Ya rufe littafin ya ce, "Ba rijiya ba ce. Amma takalminta na birni ne." A tasha na riƙe masa jaka har bakin tarago, ya sa mini albarka.

Washegari na zaga shaguna huɗu kafin na sami taya lamba 17, kuɗinta ya fi na man zuwa da dawowa a haɗe. A komowa gangara ce, ni kaɗai, ban wuce 100 ba, kuma na riga na san inda ramukan suke. Lita 20 ta sha zuwa Garwa. Bakanikena ya duba wilin ya ce lamba 16 za ta zauna a motar ba tare da ta taɓa birki ba, robar kuma za ta ƙara kauri. Na ba da saƙon guda huɗu daga Duwala, ina so su iso kafin damina, don akwai ɗaurin aure a Marwa kuma Kawu ya ce da shi za a je.