Zanzibar a Wutsiyar Damina

Zuwana na farko Zanzibar, tsibirin nan na ƙasar Tanzaniya, a makon ƙarshe na Disamba ne, ba don na zaɓa ba, sai don a lokacin aka ba ni hutu a wurin aiki. Na ji a jikina. Lungunan tsohon garin da ake kira Stone Town matsattsu ne, irin na cikin birnin Kano, wasu ma idan ka miƙa hannuwa biyu sai ka kusa taɓa bango nan da can. To ka ƙiyasta irin wannan lungu cike da Turawan Italiya da Jamus da Foland, kowane ayari da ɗan jagoransa a gaba yana ɗaga murya, ga mai babur a bayanka yana matsa oda. A Forodhani, filin bakin teku inda ake gasa kifi da jatan lande da daddare, sai da na yi ta kutsawa kamar mai neman tsire ranar Sallah. Kuɗin ɗaki a Nungwi kuwa, wani ƙauyen bakin teku a arewacin tsibirin, da mai masauki ya faɗa, sai na tambaye shi ko na mako ne. Ya ce na kwana ɗaya ne.

Abin da na tsira da shi a wannan tafiya hira ce guda. Akwai wata mahaɗa a cikin gari da ake kira Jaws Corner, inda maza ke zama a kan dakali suna shan gahawa a ƙananan finjali. Na zauna kusa da wani dattijo mai hula irin ta mutanen Oman, na yi masa ƙorafi da guntun Larabcina na makarantar Islamiyya. Ya yi dariya, ya ce, "Ɗana, ai ka zo lokacin da sanyi ya koro su daga gida ne." Sannan ya lissafa mini shekararsu da yatsu. Daga Disamba zuwa wajen Maris iskar arewa maso gabas ke kaɗawa, kaskazi suke ce mata, lokacin zafi ne da baƙi. Daga nan sai babbar damina, masika, daga Maris zuwa Mayu. Sai iskar kudu, kusi, ta shigo da sanyi-sanyi da rani daga Yuni zuwa Oktoba, wanda ya yi daidai da dogon hutun Turai, baƙi su sake cika gari. Sai ƙaramar damina, vuli, a wajen Nuwamba. Ya ce idan ina son in ga garin da idona ba ta saman kafaɗar wani ba, in zo a wutsiyar masika.

Sai bayan shekara biyu na samu dama, wannan karon da mai ɗakina. Da na ce mata ƙarshen Mayu za mu je, ta dube ni ta ce, "Malam, mutane na gudun ruwa, kai kuma za ka biya kuɗin jirgi ka kai mu cikinsa?" Ban da amsa mai ƙarfi, sai maganar dattijon gahawa. Bizar Tanzaniya ga ɗan Najeriya tana ɗaukar lokaci, don haka tun da wuri na nema. Muka tashi daga Kano zuwa Addis Ababa, daga can muka sauka kai tsaye a tsibirin Unguja, wanda shi ne yawanci ake nufi idan an ce Zanzibar, ko da yake akwai ɗan'uwansa Pemba a arewa.

Ruwa ne ya tarbe mu, kuma ba yayyafi ba. Kafin mu isa masauki, lungunan sun zama magudanai, yara na tsallen-tsallen cikin ruwa, mata sun tattare gefen baƙaƙen abayarsu. Mai ɗakina ba ta ce komai ba, wanda ya fi magana ciwo. Amma bayan kamar awa biyu sai aka ɗauke, rana ta fito, garin ya yi fes, ƙamshin jiƙaƙƙen katako da kayan yaji ya tashi. Haka muka riƙa gani kusan kullum: ruwa da safe ko da dare, sauran yinin namu. Kwana ɗaya ne kawai cikin tara aka wuni ana zubawa, muka zauna a ɗaki muna shan shayi mai citta muna kashe sauro. Sauron damina kam akwai shi, gidan sauro da maganin shafawa ba abin wasa ba ne a nan.

Ɗakin da muka kama a tsohon gari, wanda tagarsa ke kallon teku, kusan rabin abin da aka nema a wurina a Disamba muka biya, kuma mai masaukin ne da kansa ya fara rage kuɗin kafin in buɗe baki.

Inda na fi ganin bambanci shi ne a cocin Anglikan da aka gina a kan tsohuwar kasuwar bayi, wadda aka rufe a 1873. A ƙarƙashin wani gini da ke harabar akwai ɗakuna biyu na ƙasa, masu gajeren rufi da 'yan tagogi kamar tsaga, inda ake nuna wa baƙi a matsayin wurin tsare bayi kafin a fito da su kasuwa. A zuwana na farko layi na bi, na leƙa, wani ya turo ni daga baya yana son ɗaukar hoto, na fito ban ji komai ba sai zafi. Wannan karon mu biyu ne sai mai yi mana bayani. Ya yi shiru ya bar mu. Muna jin ɗigar ruwa daga wani wuri, iskar ɗakin ta yi nauyi, ga danshi a bango. Mai ɗakina ta zauna a kan dakalin siminti, kanta na kusan taɓa rufi, ta daɗe ba ta tashi ba. Da muka fito waje wurin gumakan mutane biyar da aka sassaƙa cikin rami da sarƙa a wuya, sai ta ce a hankali, "Inna lillahi." Ba mu yi wata magana ba har muka isa kasuwar Darajani. Wuri irin wannan ba na leƙe ba ne, kuma a Disamba leƙe kaɗai ake iya yi.

Shahararren gidan nan Beit al-Ajaib, wanda Sarkin Zanzibar Barghash ya gina a 1883, a rufe muka same shi an kewaye da shinge, tun bayan da wani ɓangarensa ya rufta a Disamban 2020. Tafiyarmu zuwa ɗan tsibirin Changuu don ganin manyan kunkuru kuwa sau biyu ana ɗage ta, saboda mai kwale-kwale ya dubi teku ya ce ba zai shiga ba. Ban yi masa gardama ba, ni da ko kududdufi ban iya iyo a ciki ba.

A rana ta biyar muka nufi gabas, kuma a nan na tafka abin kunya. Na yi ciniki da direba, ya ce zai zo "saa mbili". Na san mbili biyu ne, sai na sa a raina ƙarfe biyu na rana. Ƙarfe takwas na safe sai ga shi yana ƙwanƙwasa ƙofa, ni kuwa ko wanka ban yi ba. Ashe Waswahili daga fitowar rana suke fara ƙidayar awa: ƙarfe bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗaya a wurinsu, takwas kuma biyu. Harshen da na ɗauka na fara kamawa, don na ji dunia da sabuni da habari kamar namu duniya da sabulu da labari, ya kayar da ni a kan agogo.

A Jambiani na gane cewa zaɓen watan zuwa rabin aikin ne. A gabar gabas teku na janyewa sau biyu a yini, ya yi nisa har ka hango shi can kamar zare, ya bar farin yashi da ƙananan tafkuna, kuma lokacin janyewar na matsawa gaba da kusan minti 50 kowace rana. Shi ya sa masu son iyo kowane lokaci ke tururuwa arewa, Nungwi da Kendwa, inda ruwan ba ya gudu sosai. Mu da ba iyo ya kawo mu ba, gabas ta fi mana. Bayan sallar asuba muke fita. Idan ruwa ya janye, matan ƙauyen kan shiga gonakinsu na ciyawar teku, mwani, wadda suke ɗaurawa a igiyoyi tsakanin turaku, su girbe, su shanya, a sayar a kai ƙasashen waje. Wata daga cikinsu ta kira mai ɗakina "dada", wato 'yar'uwa, ta koya mata ɗaurin. Suka yi kusan awa guda tare, babu mai jin yaren wata, amma dariya ba ta yanke ba. A duk faɗin bakin tekun nan ban ƙirga baƙi sun kai goma ba. Wasu otal-otal a rufe suke, ana fenti ana sauya rufin ganyen kwakwa kafin Yuni.

Daga can muka gangara kudu zuwa Kizimkazi, inda akwai tsohon masallaci mai rubutun Kufi, wani tsohon salon rubutun Larabci, da ke ɗauke da shekarar 500 ta Hijira, wato 1107. Aka nemo mai riƙe da mabuɗi, ya buɗe mana, na yi nafila raka'a biyu ni kaɗai.

A hanyar dawowa ne na yi subul da baka. Na ce wa direban, cikin jin daɗi, gaskiya wannan lokaci ya fi, babu kowa. Ya ɗan yi shiru yana kauce wa wani rami cike da ruwa, sannan ya ce, "Shehe, kai ne ka ji daɗi. Ni tun makon jiya kai ne fasinjana na biyu." Ya ce abin da suka tara a Disamba da Janairu shi suke ci a masika, kuma kuɗin makarantar yara ba ya jiran baƙi. Kunya ta kama ni, don da safen nan na tsaya ina ja da shi a kan 'yan shilin da ba su kai kuɗin kwanon shinkafa ba. Mai ɗakina ta taɓa ni da gwiwar hannu, na gane nufinta. Da muka sauka na cika masa kuɗin da ya fara faɗa.

Na tambaye shi watan azumi fa. Ya ce gari kan yi tsit da rana, gidajen abinci da yawa na cikin gari a rufe, kuma ba a son baƙo ya ci a bainar jama'a. Ga Bature takura ce, ga wanda ke azumi kuwa ya ce babu lokacin da ya fi, don ba za a bar ka ka sha ruwa kai kaɗai ba.

Daren ƙarshe muka koma Forodhani. Teburan masu gashi ba su kai rabin na Disamba ba, kuma yawancin masu saye 'yan gari ne da iyalansu. Muka sayi urojo, wani romo mai tsami da dankali da ƙosai a ciki, da ruwan rake da aka matse da citta da lemun tsami. Samari na ta tsalle daga kan katanga suna faɗawa teku. Mai ɗakina ta gama nata kwanon, ta jawo nawa, ta ce, "Malam, idan Allah Ya kai mu baɗi, da azumi za mu zo. Amma ka sayi lema babba, wannan taka ta mutum ɗaya ce."