Yadda na koyi karanta bulok ɗin 454 bayan na sha kunya

Shekarata ta biyu ke nan a garejin da nake aiki a jihar Ohayo ta Amurka, maigidana ya tura ni wani ƙauye in duba bulok ɗin inji, wato gangar jikinsa ta ƙarfe. Muna gyaran wata mota ƙirar Chevrolet, Chevelle SS ta 1970, kuma mai motar ya kafe sai LS6, wato inji mai girman 454 da ƙarfin doki 450.

Na isa da tocila da tsumma. A bayan bulok ɗin, inda giyabos ke haɗuwa da shi, na goge datti na karanta 3963512, ga kuma rubutun HI PERF PASS a jiki, wato inji mai ƙarfi na ƙaramar mota. Ban ƙara duba komai ba, na biya na ɗora a mota ina ta murna. Da muka juya shi a gareji muka cire kwanon mai na ƙasa, sai ga noti bibbiyu a kan murafen da ke riƙe karanshaf. LS6 hurhuɗu yake da su. Maigida bai yi faɗa ba, kallona kawai ya yi, wanda ya fi faɗan ciwo. Ashe wannan lambar tun wajen zubin ƙarfe an sa ta a jikin bulok na injin 427 na 1969 da na 454 na 1970, masu noti biyu da masu huɗu duka. Dangi kawai take nunawa.

Shaidar da ake nema tana gaba, ɓangaren fasinja, a wani ɗan fili mai santsi dab da kan injin. Nan masana'antar Tonawanda, inda aka haɗa injin, ke buga harafin T, da wata da ranar haɗa injin, da haruffa uku: a LS6, CRV ga mai giyar hannu, CRR ga otomatik. Kusa da su akwai guntun lambar shasi. To amma abin da aka buga da guduma, kowa ma zai iya goge shi ya sake bugawa, kuma bambancin kuɗin da ke tsakanin LS6 da LS5, wato 454 ɗin da bai kai shi ƙarfi ba, ya isa ya sa mutum ya gwada.

Karo na biyu, da zan duba wani bulok ɗin, na tafi da madubin ƙara girma. Hatimin ya yi kyau, T0112CRV, har ya so ya yi kyau da yawa. Na kwantar da tocila ta haska filin daga gefe. Na masana'anta yana da siraran layuka miƙaƙƙu daga gaba zuwa baya, sawun injin da ya fere shi. Wannan kuwa sawunsa lanƙwasassu ne kamar an zagaya ƙasan kwano, alamar an sake fere saman. Fere sama ba laifi ba ne, masu gyara na yi kullum, sai dai yakan tafi da lambar asali. To wa ya dawo da ita?

Sai na koma bayan bulok ɗin neman ranar zubi, wato ranar da aka narka ƙarfensa. Harafi ne na wata, A Janairu, B Fabrairu, haka har L, sannan rana, sannan lambar ƙarshe ta shekara. Na ga C 5 0, wato 5 ga Maris 1970. Ga hatimi kuma yana cewa an haɗa injin 12 ga Janairu, kusan wata biyu kafin a narka ƙarfensa.

Na nuna wa mai sayar da bulok ɗin. Ya ce shi ma haka ya saye shi, kuma wataƙila gaskiyarsa ce. Na ɗauki hoton lambobin biyu, na buga wa maigida waya na ce ya shaida wa mai Chevelle ya ƙara haƙuri.