Wai waye Jimmy ɗin nan da ke ɓalle ƙofofin mutane?

Masu kallon finafinan Amurka na 'yan sanda za ku riƙa jin ana cewa wai an yi "jimmy" ɗin ƙofa ko taga, to ba wani mutum ba ne mai suna Jimmy ya shigo gidan. Nufinsu an ɓalle ta da ƙarfe. Jimmy wani guntun ƙarfe ne mai faɗin baki, kusan irin wanda kafintoci ke zare ƙusa da shi sai dai ya fi gajarta, ɓarawo zai iya sa shi cikin riga ya yi tafiyarsa ba wanda ya gane. Ana cusa bakin tsakanin ƙyaure da firam a danna, sai sakata ko kwaɗon ya saki.

Asalin kalmar daga Ingila take, can "jemmy" suke cewa, har yau ma haka 'yan Birtaniya da Ostareliya ke faɗa, Amurkawa ne suka mayar da ita jimmy. Duka biyun kuwa lakabi ne na sunan James. Tun 1811 kalmar ta shiga wani kamus na maganganun ɓarayi da 'yan tasha da aka buga a Landan, daga baya ne sunan ƙarfen ya koma sunan aikin da kansa.

Abin da ya fi ban dariya wallahi shi ne kafin Jemmy akwai Betty da Bess, sunayen mata, su ma ƙarfen ɓalle ƙofa ake nufi. Ɓarayin Landan na wancan zamanin suna da yarensu na daban kamar dai zaurance, kuma ni a ganina ba banza suka zaɓi sunayen da kowa ke da su ba, don in ka ce wa abokinka "ka taho da Bess da daddare" a tsakiyar mashaya wa zai ɗaga kai ya kalle ka? Sai a ɗauka budurwa ce. Amma fa Turawa dama suna da wannan ɗabi'ar ta laƙaba wa kayan aiki sunan mutum, jak ɗin da direbobinmu ke ɗaga mota da shi in taya ta yi faci daga sunan Jack ya fito.

Kar kuma a haɗa shi da masu buɗe makulli da siraran wayoyi, wannan aikin lallami ne da haƙuri, makullin na nan lafiya bayan an gama. Jimmy ƙarfi ne zalla, katako na tsagewa firam na lanƙwashewa, shi ya sa ɗan sanda na zuwa zai gane ta inda aka shiga. Akwai kuma ƙaninsa "slim jim", siririn ƙarfe mai tsawo da ake zurawa ta gefen gilashin mota a jawo makullin, ya yi tashe sosai a tsofaffin motoci amma na yanzu masu rimot da wayoyi cike da ƙofa sai dai ka ɓata wani abu a ciki ka ƙara wa kanka kuɗin bakanike.