Abin da na gani a ƙarƙashin lemar POS

Shekara huɗu na yi ina sana'ar POS a bakin wani titi a Kano: tebur ɗaya, lema ɗaya, sai ƙaramar jaka a rataye a wuya. Kafin nan, da wani zai tambaye ni ko ɗan Adam asalinsa nagari ne ko mugu, hadisin da muka haddace a islamiyya zan karanto masa, cewa kowane jariri a kan fiɗira ake haifarsa, in ce magana ta ƙare. Watan Fabrairun 2023 ne ya koya mini rage saurin baki.

Duk wanda yake Najeriya a lokacin ba sai an tuna masa ba. Babban Bankin ƙasa ya sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000, aka ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairu, daga baya aka ƙara wa'adi zuwa 10 ga Fabrairu. Jama'a suka kwashe abin da ke hannunsu suka kai banki, sababbin kuma suka ƙi wadatuwa. Ga zaɓen shugaban ƙasa yana tafe ranar 25 ga wata. Sai ka ga mai miliyan a asusu ya rasa kuɗin a-daidaita-sahu. Mu masu POS muka wayi gari mun zama manya, har alhazai suna gaishe mu da hannu biyu.

A da naira 100 nake karɓa a kan dubu biyar. Cikin mako biyu ta koma 500, ta koma 1,000. Kuma ina da hujja, ai ni ma sayen kuɗin nake yi a wajen masu shaguna, ai ina da iyali, ai kowa haka yake yi. Ban taɓa jin ina zalunci ba, ko sau ɗaya.

Wata ranar Talata da hantsi wata tsohuwa ta zo, riƙe da katin banki a ƙulle cikin gefen mayafi, da takardar asibiti a ninke. Ɗanta da ke Legas ya turo mata dubu uku ta sayi magani, mai kemis kuma ya ce sabis ba ya tafiya, sai kuɗi hannu. Ta ce, "Ɗan nan, ka taimake ni don Allah, tun asuba nake yawo." Na tuna sarai, hannuna har ya kai kan zif ɗin jaka. Akwai dubu arba'in a ciki. Sai na tuna na yi wa wani alhaji alkawarinsu, shi kuma ba ya musu a kan caji. Na janye hannu, na ce, "Wallahi Inna, babu ko sisi." Har da wallahi.

Kusa da ni akwai mai shayi, wani dattijo mai zafin rai da duk layin aka san shi da rowa. Ba ya ba da bashi ko na burodi rabi, almajirai ma zagaye teburinsa suke yi. Shi ne ya ɗago kai daga kan tukunya ya ce, "Inna, nawa ne?" Ya jawo wani gwangwanin madara daga ƙarƙashin tebur, ya ƙirgo tsofaffin 'yan ɗari bibbiyu, waɗanda shugaba Buhari ya ce a ci gaba da karɓa tun 16 ga wata, duk sun yi laushi da maiƙo. Guda goma sha biyar. Ya dube ni ya ce, "Kai, ciri a katinta ka tura mini. Kada ka taɓa mata ko kwabo." Bai ce mini komai ba bayan haka, ni ma ban iya haɗa ido da shi ba har la'asar.

Na daɗe ina juya abin. Wani abokina da ya karanta falsafa a jami'a ya ba ni labarin wani malamin ƙasar Sin na zamanin da, Mensiyus, wanda ya ce duk wanda ya ga yaro zai faɗa rijiya sai gabansa ya faɗi, ba don yana neman yabo ko sanayya da iyayen yaron ba. Na ce to ai wannan hannuna ne a kan zif. Tausayin ya riga zuwa, da kansa, ba wanda ya kira shi. Ƙaryar kuwa sai da na tsaya na yi lissafi sannan ta samu wurin zama. Daga nan na yanke hukunci cewa alheri shi ne asali, sharri kuma sai an gina masa hujja.

Ban yi wata guda da wannan hukunci ba aka rushe mini shi. Cikin rububi na tura wa wani mutum dubu hamsin maimakon dubu biyar, sifili ɗaya ya zarce. Ban san shi ba, ban san inda yake ba. Kwana uku sai ga shi a kan babur, ya miƙo mini wayarsa ya ce in sa lambar asusuna. Ina ta godiya ya katse ni: "Malam, bar godiyar nan. Da na ga alat ɗin farin ciki na yi, har na sayi buhun shinkafa a raina. Kwana biyu ban yi barci ba, shi ne na ce gara in rabu da su." Shi nasa kwaɗayin ne ya riga zuwa, tunani ya dawo da shi hanya. Nawa kuwa tunanin ne ya ɓatar da ni.

Ayar da ke cikin Suratush Shams, wadda ta ce Allah ya kimsa wa rai fajircinsa da taƙawarsa, na san ta tun ina yaro. A ƙarƙashin lemar nan na lura ba ta ce wanne ne yake fara magana ba. Tun daga lokacin na daina yi wa kwastoma hukunci da fuska. Wani saurayi da muke sahu ɗaya a masallaci ya taɓa nuna mini alat na bogi ya tafi da dubu goma, kuma shi ɗin ne na gani da idona yana ɗauke da wani da mota ta buge zuwa asibiti, rigarsa duk jini. Hausawa suka ce ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Ni dai na ga wanda da safe takwas ne, da yamma uku.

Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin takardu su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara, a hankali kuɗi suka dawo hannun mutane, cajina ya koma naira 100. Wata safiya na fito ba canji a jikina, na ce wa mai shayi, "Baba, haɗa mini kofi ɗaya, anjima in kawo." Bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Ba na ba da bashi."