Tarihin Rayuwata (14): Likita ko Maroƙi?

Makon jiya na tsaya a shekararmu ta huɗu a makarantar likitanci. Mu shida ne muka haɗa kai. Duk yammacin da babu darasi sai mu ɗauki jita da ƙaramar ganga, mu nemi izinin sista, mu shiga ɗakin yara ko na tsofaffi. Wanda ya ce ba ya so, mu gaishe shi mu wuce gadonsa.

Labari ya kai kunnen Baffa. Ko gaisuwa bai bari na gama ba ya ce, "Likita muka tura ka ka zama, ko maroƙi?" A gaban ƙannena ya faɗa. Na sunkuyar da kai, ban ce uffan ba.

Da na iya magana, da na ba shi labarin wani dattijo da ke kwance a asibitin. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ƙwace masa, ko ruwa da ido yake nema. Ran nan 'yarsa ta gaya mana waƙar da yake so tun yana saurayi. Muka ɗauko ta a hankali. A baiti na biyu sai ga bakinsa yana bin mu, kalma bayan kalma, tiryan-tiryan. 'Yar ta dafe bango tana cewa, "Baba, kai ne?" Daga baya malaminmu ya fahimtar da mu cewa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, inda magana take, shi ya taɓu, rera waƙa kuwa tana jingina da ɓangaren dama ma. Tun 1973 likitoci a Boston suka mayar da rera waƙa hanyar farfaɗo da magana.

Maroƙi! A 2015, ina aiki har da 'ya'ya biyu, wani bincike a mujallar likitoci ta Lancet ya tattara gwaji 73 na marasa lafiya kusan 7,000, aka ga kiɗa yana rage zafi da fargaba bayan tiyata, har da yawan maganin kashe zafi. Na buga takardar na ninke, kamar mai inda zai kai ta. Baffa ya riga ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ibn Sina ma, da yake yawan ambato in ana zancen likitoci, ya yi rubutu a kan kiɗa. Wannan na sani tun ranar, kunya ta rufe min baki.

Dattijon an sallame shi kafin jarrabawarmu. Na je da jitar na tarar da wani a gadon.

Mako mai zuwa sai zancen jarrabawar da ta raba mu shidan.