Saƙon kuskure da ke faɗin wa ke neman me

Ƙungiyar manoman riɗi ta ƙauyenmu, a ƙaramar hukumar Ringim, ta ɗora mini alhakin haɗa wata ƙaramar manhaja da harshen Python, wadda za ta riƙa lissafa buhunan da kowa ya kawo da kuɗin da aka biya shi. Aikin ya buƙaci kunshi biyu na manhajojin da wasu suka riga suka rubuta, kuma dukansu sun dogara ne ga NumPy, wani kunshin Python na yin lissafi. Ɗaya yana neman NumPy 2.0, wanda aka fitar a watan Yunin 2024, ɗayan kuma tsoho ne da ba ya aiki sai da abin da ke ƙasa da 2.0, don haka babu fitowa guda da za ta gamsar da su biyun.

Tun daga fitowa ta 20.3 a ƙarshen shekarar 2020, pip, manhajar da ake girka kunshin Python da ita, ya daina girka kayan da suka saɓa wa juna. Yakan koma baya ya gwada tsofaffin fitowa ɗaya bayan ɗaya, kuma sau da yawa sai ya sauko da su kafin ya san abin da suke buƙata. A wurin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, ake sayen data da kuɗin aljihu, kuma kwamfuta ke jiran cajin sola, wannan lalube yana da tsada. Amma da na gwada girka su pip ya tsaya, saƙon kuskuren ya ambaci kunshin biyu da sunayensu, ya nuna lambar fitowar NumPy da kowanne ke nema, sannan ya ba da shawarar a sassauta lambobin da aka ƙayyade. Daga nan na gane cewa sabunta tsohon kunshin kaɗai zai warware matsalar.

Daga baya na gwada uv, wani abin girka kunshi irin pip, wanda ke amfani da dabarar daidaita fitowa mai suna PubGrub da Natalie Weizenbaum ta ƙirƙira a 2018 domin harshen Dart. Bayaninsa ya fi gamsar da ni, domin yana jero dalilai kamar yadda alƙali ke karanta hukunci: tunda wannan ya dogara ga wancan, kai kuma ka nemi kaza, buƙatunka ba za su haɗu ba. A ganina saƙon da ya ce an kasa kawai, bai faɗi wa ke neman me ba, yana tura mutum ga tilasta girkawa a makance, kuma ɓarnar hakan ba ta bayyana sai ranar da ake tsakiyar awo.

Yanzu kowane aiki ina ware masa muhallinsa da venv, abin da ke keɓe kunshin kowane aiki daban, ina rubuta lambobin da suka dace da juna, sannan idan na shiga garin Ringim na sauko da kunshin gaba ɗaya a filashi, domin matasan da nake koya wa su girka ba tare da intanet ba.